Leƙen asiri da tafiyar dakaru cikin hunturu a bakin kogin Rappahannock, 1862 zuwa 1863

Mai-Allo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan cikin garin Sakkwato, kuma a 'yan makonnin nan na duƙufa kan karatun yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa masu riƙe da gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle. Akwai wuri guda da ya ɗaure mini kai, shi ya sa na kawo shi gaban malamai da dattawan wannan zaure.

A watan Nuwamba na 1862 Shugaba Lincoln ya tuɓe Janar McClellan, ya miƙa babbar rundunar Arewa ga Janar Ambrose Burnside. Sabon kwamandan ya yi sauri ƙwarai, domin a ranar 17 ga Nuwamba goshin rundunarsa ya isa Falmouth, a gaɓar arewa ta kogin Rappahannock cikin jihar Bajiniya, daura da garin Fredericksburg, tun Janar Robert Lee na Kudu bai kai dakarunsa wurin ba. Duk da haka, da aka yi karon ranar 13 ga Disamba, Burnside ne ya kwashi kashinsa a hannu: ya yi asarar mutum sama da 12,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, Lee kuwa kimanin 5,000. Bayan wata huɗu da rabi, a ƙarshen Afrilu na 1863, wannan rundunar dai, a kan wannan kogin dai, ta ƙetare ta zagayo bayan Lee kafin ya farga. Tambayata ita ce, mene ne ya canja a cikin wannan hunturu? Ingancin leƙen asiri ne, ko kuwa sauyin yanayi ne kawai?

Ina da tambaya ta biyu, wadda ɗalibaina ne suka jefo mini ita. A ƙasarmu hunturu da rani su ne lokacin fita yaƙi, bayan an kawar da amfanin gona, gulabe sun janye, hanyoyi sun bushe. Ko Turawa ma a irin wannan lokaci suka zo, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu na 1903, suka iso Sakkwato aka yi karon Giginya ranar 15 ga Maris. To, me ya sa a can ake ambaton hunturu kamar wani abokin gaba na biyu?

Tsohon Saje ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayar yaranka, domin amsarta ce mabuɗin ta farko. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Hunturunmu sanyi ne da ƙura da busasshiyar ƙasa, nasu kuwa, musamman a Bajiniya, sanyi ne haɗe da damina. Yau a yi ruwan sama, gobe dusar ƙanƙara ta sauka, jibi ta narke, kuma hanyoyin wancan zamani na jar laka ne ba kwalta. Ka ce wa yaran su tuna fadamar Rima a tsakiyar watan Agusta, sa'an nan su ɗora mata sanyin watan Janairu, sa'an nan su turo mutum dubu ɗari da dawaki da alfadarai da igwa su bi ta ciki. Na yi aikin soja a sashen injiniyoyi, kuma na taɓa kwana biyu da rabi ina kallon babbar mota ɗaya tak da ta kafe a laka ta tsayar da jerin motoci masu yawa a bayanta, ba gaba ba baya. Mu muna da injin ja, su kuwa sai ƙarfin dabba da na mutum.

A ganina abin da ya kashe Burnside a watan Disamba lokaci ne. Gadojin Fredericksburg an riga an rusa su, saboda haka shirinsa duka ya rataya ne a kan gadar kwale-kwale, wato jerin jiragen katako da ake ɗaurewa gefe da gefe a shimfiɗa katakai a kansu. Waɗannan jirage suna can saman kogin Potomac, umarnin a kawo su ya yi jinkiri a hanya, waɗanda aka ɗora wa aikin ba a gaya musu gaggawar da ke ciki ba, kekunan da suka ɗauko su kuma suka yi ta kafewa a taɓo. Sai wajen 25 ga Nuwamba suka fara isowa, fiye da mako guda bayan isowar dakarun. Janar Sumner, wanda ya fara isa, ya nemi izinin ratsa ruwan ta wani mashigi tun garin ba shi da masu tsaro sai 'yan ɗaruruwa, amma Burnside ya hana, don tsoron kada ruwan sama ya cika kogin ya raba masa runduna biyu. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'a mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, ba zai yi saurin kiran wannan tsoro wauta ba. Amma cikin kwanakin da ya yi yana jira Janar Longstreet, ɗaya daga manyan kwamandojin Lee, ya iso ya hau tuddan bayan gari, ɗayan kuma, Janar Jackson, ya taso daga kwarin Shenandoah ya iso a ƙarshen wata.

Labarin leƙen asiri kamar ɗanyen kifi ne a bakin Kwalkwalawa, in ba a yi cinikinsa da hantsi ba, da la'asar ko kyauta ba mai karɓa. Abin da Burnside ya sani ranar 17 ga Nuwamba gaskiya ne, amma zuwa 11 ga Disamba, ranar da aka fara ɗaura gadojin, ya riga ya ruɓe. Kuma rundunar da ta haura mutum dubu ɗari, ta zauna mako uku a bakin ruwa tana hura wuta kowane dare, ba ta da wani asiri da ya rage mata. Ko ɗaura gadar ma sai da maharban birged ɗin Janar Barksdale na Kudu, waɗanda suka laɓe cikin gidajen bakin ruwa, suka cinye musu kusan yini guda.

Abin da ya faru a Janairu shi ne zai fi gamsar da ɗalibanka. Ranar 20 ga Janairu na 1863 Burnside ya sake tayar da rundunar don ya ƙetare ta saman kogi, kuma dabarar ba ta da laifi a kan takarda. A daren ranar aka kece da ruwa, aka yi ta yi kusan kwana biyu. Igwa ta nutse har gatari, aka riƙa ɗaura wa bindiga ɗaya dawaki ninkin na ƙa'ida tare da mutane masu jan igiya amma ba ta motsa ba, alfadarai suka yi ta mutuwa a cikin laka, sojojin Kudu kuma suna tsaye a ɗaya gaɓar suna ɗaga alluna masu rubutun ba'a. Ba a yi wani karo ba aka koma sansani, kuma kafin watan ya ƙare an sauke Burnside.

'Yar Gidadawa ta amsa:

Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Bayaninka kan laka da gada ba shi da abin gyara, amma ina neman izini in saɓa maka a wuri guda, domin ina ganin ka rage wa rashin labari nauyin da ya kamata a ba shi.

Burnside bai zaɓi ƙetarewa ta tsakiyar gari don ganganci ba. Ya yi imani cewa Lee ya baza ƙarfinsa can ƙasan kogi yana jiran a ƙetare ta can, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare, domin cikin janar-janar ɗin Lee, dakarun Early suna Skinker's Neck, na D. H. Hill kuma suna Port Royal, tafiyar sa'o'i masu yawa daga Fredericksburg. Sai dai ƙetarewar ta ci ranar 11 da ranar 12, Lee kuma ya aika musu su taho, suka kwana suna tafiya. Da gari ya waye ranar 13, Jackson yana da mutanensa cif a hannu. Umarnin da Burnside ya aika wa Janar Franklin a safiyar nan, na ya kai hari da wani ɗan yanki na dakarunsa, umarni ne na mutumin da bai san girman abin da ke gabansa ba. Dakarun Janar Meade, da ke ƙarƙashin Franklin, sun fasa layin Jackson amma ba a mara musu baya ba, a ɗaya gefen kuwa aka yi ta tura birged bayan birged zuwa gindin katangar dutse ta tudun Marye har duhu ya shiga, ba wanda ya kai ga katangar.

Dalilin wannan duhun kai yana da tarihi. A zamanin McClellan, aikin leƙen asiri yana hannun Allan Pinkerton, wanda ɗan sandan ciki ne mai zaman kansa daga Chicago, gwani wajen kama ɓarayi amma ba wajen ƙirga runduna ba. Yakan ƙara wani kaso a kan ƙiyasinsa don gudun raina abokan gaba, maigidansa kuma ya ƙara nasa a kai, har ta kai a bazarar 1862 McClellan yana ganin mutum 200,000 ne a gabansa kusa da Richmond, babban birnin 'yan Kudu, alhali ba su kai rabin haka ba. Da aka tuɓe McClellan, Pinkerton ya tattara takardunsa ya tafi. Abin da Burnside ya gada kusan mutum ɗaya ne, wani saurayi mai zanen taswira mai suna John Babcock.

Janar Joseph Hooker ya karɓi rundunar a ƙarshen Janairu na 1863, tana cikin mummunan hali, sojoji suna ta sulalewa gida. Ya gyara abinci da tsaftar sansani da tsarin hutu, ya tara mahaya dawaki wuri guda a ƙarƙashin Janar Stoneman, amma gyaran da ya shafi tambayar Malam shi ne wanda ya yi a watan Fabrairu, lokacin da ya ɗora wa Kanar George Sharpe, wani lauya daga jihar Niyok, aikin kafa ofishin tattara bayanan soja. Babcock ya zama na hannun damansa.

Sabon abin da wannan ofishi ya kawo ba yawan magewaya ba ne, haɗa labari ne wuri guda. A da, abin da mahaya suka gani yana hannun wani, abin da fursunoni suka faɗa yana hannun wani, abin da Thaddeus Lowe ya hango daga cikin balan-balan ɗinsa mai ɗaukar mutum yana hannun wani, janar ne kaɗai zai haɗa su a kansa in ya sami sukuni. Sharpe ya sa duka su zubo teburi ɗaya: bayanin fursunoni da na sojojin Kudu da yunwa ta koro, bayanin bayi da suka tsere waɗanda suka san kowace hanya da kowane mashigi, jaridun Richmond, saƙonnin tuta na 'yan Kudu da ake karantawa daga nesa, da rahoton wasu manoman yankin masu goyon bayan tarayya a ɓoye. Aikin kansa ba shi da armashi ko kaɗan. A zaunar da soja mai rawar ɗari, a tambaye shi bataliyarsa, da birged ɗin da take ciki, da sunan kwamandansa, da waɗanda ke sansani kusa da su, da yawan mutanen da suka fito fareti a kamfaninsa. A rubuta. Gobe a tambayi wani, a gwama. Kamar dai yadda dillalin kara ke sanin yawan shanun da za su shigo kasuwa tun ba su iso ba, daga ɗan abin da wannan ya faɗa da wanda wancan ya faɗa. Kafin ƙarshen Afrilu Babcock ya zana jadawalin rundunar Lee birged bayan birged, kuma ƙiyasinsa ya yi kusa ƙwarai da ainihin adadin.

A nan ne tafiyar hunturu ta shigo. A watan Fabrairu 'yan Arewa suka kwashe babbar rundunarsu mai lamba tara cikin jiragen ruwa zuwa Newport News, a bakin teku kudu maso gabas da Richmond, abin da ya tayar da hankalin Richmond. Lee ya tura dakarun Pickett da na Hood kudu cikin dusar ƙanƙara, Longstreet ya bi su. Yunwa ma tana cikin dalilan, domin layin dogo guda ne ke ciyar da Lee, an rage wa sojoji rabon nama, dawaki kuma an warwatsa su nesa neman ciyawa. Longstreet ya shafe bazara yana tara masara da nama a wajejen Suffolk. Ofishin Sharpe ya gano tafiyar, ya kuma ci gaba da tabbatar da cewa ba su dawo ba, ya gano kuma cewa mashigan saman kogi ba su da tsaro mai ƙarfi. Saboda haka da Hooker ya tashi ranar 27 ga Afrilu da mutum wajen 130,000, ya san cewa Lee ba shi da fiye da kimanin 60,000, ya san inda suke, ya san inda ba su.

Mai-Allo ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Malama. Allah ya saka da alheri. Amma yanzu kun ƙara ɗaure mini kai. Mu dai mun taso muna jin cewa in kunne ya ji jiki ya tsira. Ga kunnen Hooker ya ji komai, ga hanya ta bushe, ga mutanensa sun ninka na Lee, kuma duk da haka shi aka kora daga Chancellorsville, inda suka kara da Lee, a farkon watan Mayu. Me zan ce wa yaro in ya tambaye ni amfanin wannan wahala da Sharpe ya sha?

Bakin Gulbi ya amsa:

Malam, ka ce masa ofishin Sharpe an gina shi ne don abokin gaba da ke zaune, kuma hunturu ne ya ba shi wannan dama. Rundunar da ta yi wata huɗu cikin bukkoki wuri guda ana iya ƙirga ta a natse. Da zarar an fara motsi, labarin da ake bukata na sa'a guda ne, kuma a wancan zamani mahayin doki ne kaɗai ke kawo irinsa. Hooker kuwa ya ɗauki mafi yawan mahayansa, wajen mutum 10,000, ya tura su tare da Stoneman can bayan Lee don su lalata layin dogo, ya shiga dajin da ke kewaye da Chancellorsville, mai duhuwa da sarƙaƙiya, kusan ba ido.

Kada kuma mu manta cewa 'yan Kudu ba barci suka yi ba a wannan hunturu. Lee ba shi da ofishi irin na Sharpe, amma yana yaƙi ne a ƙasarsa, yana karanta jaridun Arewa waɗanda ba su iya riƙe bakinsu, kuma yana da Janar Stuart, kwamandan mahayan dawakinsa. A ƙarshen Disamba na 1862 Stuart ya kutsa har tashar jirgin ƙasa ta Burke, kusa da Washinton, ya kama ofishin tangaraho ya karanta saƙonnin masu nemansa, sa'an nan ya buga waya zuwa ga babban jami'in kayan yaƙi na Arewa yana ƙorafin cewa alfadaran da yake ƙwacewa ba su da ƙarfi. A ranar 25 ga Fabrairu kuma Fitzhugh Lee, wani janar na mahayan Stuart, ya ƙetaro cikin ƙanƙara ya faɗa wa masu gadi a Hartwood Church, ya tafi da fursunoni wajen 150, kuma abin da ya je nema shi ne tabbacin ko rundunar Hooker tana nan ko ta tashi.

Wannan Fitzhugh Lee ɗin ne, a daren 1 ga Mayu, mahayansa suka gano cewa gefen dama na rundunar Hooker, inda dakarun Janar Howard suke, a buɗe yake ba abin da ya jingina da shi. Mutanen yankin suka nuna hanyar daji, Hotchkiss mai zanen taswirar Jackson ya zana ta, washegari Jackson ya ɗebi mutum wajen 28,000 ya yi zagayen kusan kilomita 20. Abin lura shi ne an gan su. Tun da hantsi sojojin Janar Sickles na Arewa suka hango jerin mutane da kekuna suna wucewa, Hooker da kansa ya aika wa Howard gargaɗi da safe cewa ya kula da gefensa, masu gadin Howard kuma suka yi ta kawo rahoton motsi a cikin daji har la'asar. Amma hanyar da Jackson ya bi takan karkata kudu a daidai wurin da aka hango shi, sai manya suka fassara abin da cewa Lee ne ke gudu, domin abin da ransu ke so ke nan tun farko. Bayan ƙarfe biyar na yamma, mutanen Howard suna dafa abinci, namun daji suka fara fitowa a guje daga cikin itatuwa, Jackson yana biye da su.

Don haka ban yarda a ce labari ya gaza ba, kuma ban yarda a ce ya wadatar ba. McClellan an ba shi lissafin ƙarya ya gaskata don ya dace da tsoronsa, Hooker an ba shi na gaskiya ya yi amfani da shi har ya kai bayan Lee, sa'an nan ranar 1 ga Mayu, da ya haɗu da turjiya ta farko, ya janye dakarunsa cikin daji ya tsaya jira, alhali takardar da ke aljihunsa tana gaya masa cewa ya ninka mai tare shi. Ya yi asarar kimanin 17,000, Lee kimanin 13,000 tare da Jackson kansa, wanda mutanensa suka harba bisa kuskure a daren 2 ga Mayu, ya rasu ranar 10 ga wata.

'Yar Gidadawa ta ƙara da cewa:

Malam Bakin Gulbi ya yi adalci, sai dai kada a bar yaran da zaton cewa aikin ya tafi a banza. An sauke Hooker a ƙarshen Yuni, amma ofishin ya ci gaba a ƙarƙashin Meade, wanda ya gaje shi. A daren 2 ga Yuli na 1863 a Gettysburg, bayan kwana biyu ana gumurzu, Sharpe ya shaida wa Meade cewa fursunonin da ke hannu sun fito daga kusan kowace birged ta Lee in ban da dakarun Pickett, wato su kaɗai ne sababbin hannu da suka rage masa. Ba yadda za a yi a faɗi wannan magana ba tare da jadawalin da aka fara rubutawa cikin bukkokin Falmouth a watan Fabrairu ba. Kuma a Afrilu na 1865, da Lee ya miƙa wuya a Appomattox, Sharpe ne aka ɗora wa aikin ba sojojinsa, su wajen 28,000, takardun sallama, bataliya bayan bataliya.